Ciyawar da Ke Son Ruwan Zartsi

Sau uku ina shuka tankin nan, sau uku shukar tana mutuwa a hannuna.

Tankin kifi ne na gilashi, dogo, a ɗakin jira na wani likitan haƙori, hawa na biyu. Likitan ya sa shi ne don masu jira su sami abin kallo, su manta da ƙarar injin da ke fitowa daga ɗakin ciki. Shagon da nake aiki, shagon kifin ado, shi ke kula da tankin. Mai shagon, wanda kowa ke kira Baba Mai Kifi, ni ya danƙa wa aikin tun watan da ya ɗauke ni, don ni kaɗai ce mai digiri a shagon, kuma a kan tsirrai na yi shi. Ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Ko ba a tambaye ni ba ina faɗa.

Da farko jajayen tsirrai na zaɓa, masu laushin ganye kamar gashin ɗan tsako, irin waɗanda ake gani a hotuna. A shagonmu suna yin kyau har mutane su tsaya ɗaukar su a waya. A asibitin kuwa kwana goma suka yi, bakin ganyen ya fara haske kamar leda, sannan suka narke suka zama yauƙi. Na ce fitila ce, na canja fitila. Suka sake narkewa. Na ce taki ne, na ƙara taki. Wannan karon har gansakuka ta samu, ta rufe gilashin.

Ranar da nake kwashe gawa ta uku, Likita ya fito yana cire safar hannu. Mutum ne mai fara'a, amma fara'ar tasa irin wadda ake yi wa mutum ce kafin a soka masa allura.

"Malama, jiya wata mata ta tambaye ni ko miya nake dafawa a ciki."

"Likita, ina kan bincike."

"Na sani. Tun watan jiya nake jin binciken nan a hancina." Ya buɗe durowar da ke ƙarƙashin tankin, ya nuna mini wata baƙar leda. Tsirran roba ne a ciki, kore shar, har da furanni masu ruwan hoda. "Maigidanki ne ya aiko da su. Mun yi magana. Mako shida na ba ku. Idan ban ga abu mai rai ya tsaya da ƙafarsa ba, waɗannan za su shiga, kuma roba ba ta buƙatar mai digiri."

Na ce masa ledar nan ba za a kwance ta ba. Ya ce Allah ya sa.

A shago Baba Mai Kifi bai ja magana ba. "'Yata, in tankin nan ya koma roba, kantar shago za ki koma, ki riƙa auna wa mutane abincin kifi. Ba ni da wani aikin tsiro da zan ba ki."

A gida kuma Yayana ya samu abin yi. Direba ne, shi ya riƙa kai ni makaranta shekara huɗu, don haka yana ganin yana da haƙƙin tsokana ta har abada.

"Farfesa, yaya marasa lafiya? An yi jana'iza ta nawa?"

"Yaya, ka fita harkata."

"Umma, kin ji fa. Shekara huɗu tana karatun ciyawa, ciyawar ta ce ba ta san ta ba."

Umma tana kan keken ɗinkinta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ya bar ni in ci abinci.

Abin da ya fi damuna ba tsokanar ba ce. Ban gane ba, kuma ni ba na son abin da ban gane ba. Tsiro iri ɗaya, fitila ɗaya, taki ɗaya, nisan shago da asibiti bai wuce tafiyar minti ashirin ba. Me tsiron yake ji a can wanda ba ya ji a nan?

Amsar ta same ni a bakin famfo. Na shiga ɗan kicin ɗin asibitin in wanke hannu, na murza sabulu, na sake murzawa, kumfa ta ƙi tashi. Sai wani farin abu kamar dusa da ya bi yatsuna. Mai sharar asibitin, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, tana zaune a kan kujerar roba tana kankare cikin butar shayi da cokali.

"Kada ki ƙarar mana da sabulu, 'yar nan. Ruwan gidan nan ba ya kumfa ko kin kwana kina murzawa."

"Me ya sa, Inna?"

"Zartsi ne. Leƙa ki gani." Ta miƙo mini butar. Cikinta ya yi farin ɓawo kamar an shafa siminti. "Duk mako sai na jiƙa ta da ruwan khal, mai tsamin nan. Shekarata tara a nan, ban taɓa cin nasara a kanta ba, ita ma ba ta ci a kaina ba."

"Ba ruwan famfon gari ba ne?"

"Wane gari? Rijiyar burtsatse ce a bayan gini."

Na gwada ruwa, ba wai ban gwada ba. Na gwada shi tun makon farko, na rubuta sakamakon a littafina da jan biro, na ja layi a ƙasa. Amma ruwan famfon shagonmu na gwada. Na ɗauka tunda gari ɗaya ne, ruwa ɗaya ne. Wata uku ina kallon lambobin wani ruwa ina yi wa wani ruwa magani.

Na ciro takardar gwaji daga jakata, 'yar siririyar takarda da ke canja launi idan an tsoma ta. Na tsoma a tankin. Ta tafi can ƙarshen jadawalin, launin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ruwan cike yake da farar ƙasa narkakkiya, ya karkata sosai zuwa ɓangaren kanwa. Jajayen tsirran nan kuwa 'yan ruwa mai laushi ne, mai ɗan tsami-tsami. A irin wannan ruwan abincinsu yana nan a gabansu amma ba sa iya ɗauka.

"Kuma kullum da safe ina ƙara masa bokiti guda," in ji Inna daga bayana. "Yana ƙafewa, ba na son Likita ya ga ya ragu."

"Inna! Ruwan ne ke tashi, farar ƙasar tana zama. Kullum ƙara mata kike yi!"

"To da wa ya gaya mini? Ke da kike zuwa da littafi, ko sannu ba kya tsayawa mu yi."

Wannan ta shige ni, amma na haɗiye.

Da na san abokin gabana, sai na ɗaura yaƙi. Na kawo ruwan asid na rage kanwa, na ɗiga da sirinji, na gwada, launin ya sauko daidai inda nake so. Na tafi gida ina taku ɗai-ɗai. Washegari na tsoma takarda, launin ya koma inda yake, kamar ban taɓa zuwa ba. Na ƙara. Ya sake komawa. Rana ta huɗu na tarar da kifi biyu a sama, cikinsu a waje. Hawa da saukar ruwan ne ya kashe su, ni na kashe su. Na naɗe su a takarda na sa a jakata don kada Likita ya gani, Inna kuwa ta gani, ta ci gaba da shararta.

Sai na ce to, in ba zan iya gyara ruwan ba, zan canja shi. Na roƙi Yaya ya riƙa kawo mini jarkoki daga famfon shago kafin ya tafi aiki. Jarka takwas, hawa biyu, babu na'urar hawa. Shi yana zaune a mota yana cewa bayansa ba na haya ba ne. Ni nake ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, ina hutawa a kwanar bene. Hannuna ya yi kanta, siket ɗina kullum a jiƙe. Masu jiran Likita suna riƙe da kumatu suna bi na da ido, har wani tsoho ya manta ciwonsa ya ce, "'Yan mata, gobara ake kashewa?"

Kwana shida na yi haka. Ruwan ya yi laushi a rana ta farko da ta biyu. Zuwa ƙarshen mako ya fara komawa gidan jiya, alhali na hana Inna ƙara ko kofi ɗaya.

Na durƙusa a gaban tankin ina kallonsa. Daga ina farar ƙasar take fitowa? Gilashi ba ya narkewa. Itacen da ke ciki ba shi da ita. Sai idona ya sauka a kan tsakuwar da ke shimfiɗe a ƙasa, fara fat, mai ƙyalli.

"Inna, ara mini ruwan khal ɗinki."

Na ɗebo tsakuwa uku a murfin kwalba, na ɗiga musu. Suka hau tafasa, suna 'yar ƙara, kumfa na tashi. Inna ta matso da kunnenta.

"Ikon Allah. Dutse yana magana."

"Farar ƙasa ce, Inna. Duk ruwan da na ɗauko a bayana, ita take mayar da shi zartsi."

Na je na sami Likita tsakanin mara lafiya da mara lafiya, na ce a kwashe tsakuwar. Ya ce a'a tun kafin in rufe baki. Shi ya zaɓe ta da kansa, don fara ce kamar haƙoran da yake so mutane su fita da su. Ya tuna mini saura mako uku.

Na koma kicin na zauna a kan jarka. Ban yi kuka ba, ba na kuka a wurin aiki. Inna ta zuba mini shayi daga butar tata, ta tsaya tana kallo na.

"Ni dai ban yi boko ba," in ji ta. "Amma wani da ya taɓa riƙe tankin nan tun kafin ke, da zai tafi ya kwashe wata ciyawa ya watsar a kwamin baya. Shekara biyu ke nan. Duk wata sai na cire ta da manjagara, tana toshe mini magudana. Ruwan nan dai take sha, ba wanda yake ɗiga mata komai."

Na ajiye kofin. "Nuna mini."

Bayan ginin akwai tankin ruwa a kan ƙarafa, a ƙarƙashinsa kuma kwamin siminti inda rarar ruwan ke zuba. Gefen kwamin ya yi farin ɓawo irin na butar. Cikinsa kuwa kore ne har ba a ganin ƙasa. Dogayen ganye sirara kamar ɗaurin takalmi sun taso sun kwanta a saman ruwa. A tsakaninsu wata mai gashi-gashi kamar wutsiyar kyanwa tana yawo, ba ta da saiwa ko ɗaya. Ƙananan kumfa suna tashi daga ganyen a cikin rana, jere-jere.

Na san su. Doguwar balisneriya ce. A shagonmu tana can baya a tsohon baho, Baba Mai Kifi yana ba da ita kyauta ga wanda ya sayi kifi. Ban taɓa yi mata kallo biyu ba, ina ganin ta 'yan koyo ce. Ina tsaye a bakin kwamin sai wani layi ya dawo mini daga darasin shekara ta uku, layin da na haddace don jarrabawa na watsar: akwai tsirran ruwa da ke iya ciro abincinsu daga cikin narkakkiyar farar ƙasa kanta. Abin da ya kashe jajayena da yunwa, ita tuwonta ne.

Na tuɓe takalmi, na naɗe hannun riga, na zura hannu har kafaɗa.

"A hankali, Malama mai digiri," in ji Inna tana dariya. "Kada wani ya gan ki kina satar ciyawar kwata."

"Ya gani mana. Riƙe mini bokitin."

Ranar ban tsoma komai a tankin ba. Na wanke su ganye-ganye, na cire ƙwan katantanwa, na bar su kwana biyu a bokiti ina dubawa. Na zauna da littafina na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na jera tsirran shagonmu ina tambayar kowanne irin ruwan da ya fito. Masu laushin ganye da ja duk na soke su. Na ɗauki anubiyas, mai kaurin ganye kamar fata, wadda ba ta damu da zartsi ba. Ita ba a binne gindinta, ruɓewa yake, don haka na ɗebo baƙin zare daga keken Umma na ɗaure ta a jikin itacen. Balisneriya na shuka ta a baya, saiwa a cikin tsakuwa, wuyanta a waje. Wutsiyar kyanwa na sake ta ta yi yawonta. Jarkoki na mayar wa Yaya. Na ce wa Inna ta ci gaba da ƙara ruwanta, ni kuma duk mako zan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu in sa sabo daga famfon gidan, don kada farar ƙasar ta taru fiye da yadda rijiya ta ba da ita.

"Wato kin sallama," in ji Yaya.

"Ban sallama ba. Na canja soja ne."

Kwana bakwai bayan haka dogayen ganyen suka fara yin rawaya daga sama. Na takwas suka fara narkewa.

Likita ya fito ya tsaya a bayana, hannu a aljihu. Bai yi wasa ba wannan karon, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya sunkuya ya buɗe durowa.

"Likita, saura kwana goma sha ɗaya."

"Malama, na ga wannan fim ɗin sau uku."

"Ba shi ba ne. Daga rana na ciro ta na kawo ta ƙarƙashin fitila. Tsohon ganye take zubarwa."

"Kin tabbata, ko kina so ne ya zama haka?"

Ban tabbata ba. Na karanta cewa tana yin haka, amma na karanta abubuwa da yawa a wata ukun nan. Na zura hannu na kama gindin guda ɗaya na ja a hankali. Ta ƙi tahowa. Na ƙara ja kaɗan, tsakuwar da ke kewaye da ita ta motsa, ita tana nan.

"Ta kama ƙasa," na ce. "Matacce ba ya riƙe tsakuwa. Ka mayar da ledar."

Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke ɗigar da ruwa a kan tayil ɗinsa, ya tura durowar da ƙafa.

Kwanakin nan goma sha ɗaya, in ban da canjin ruwan mako-mako, ban ƙara komai ba, ban rage komai ba, kuma wannan ya fi ɗaukar jarka wuya. Kullum da safe ina zuwa in yanke ruɓaɓɓen ganye da almakashi, in goge gilashi, in zauna. Hannuna yana ƙaiƙayin ɗiga wani abu. Inna takan ajiye tsintsiya ta zo mu leƙa tare, ta ce, "Bar ta, 'yar nan. A kwami wa yake mata sannu?" Daga tsakiyar kowane gindi wani ɗan kore ya fara leƙowa, siriri kamar tsinken sakace, sai dai daga kujerun jira ba a ganinsa. Daga can tankin kamar an yi masa aski yake.

Ranar ƙarshe na zo da wuri, na tarar Likita ya riga ni. Yana tsaye da ledar a hannu. Sababbin ganyen sun kai tsawon tafin hannu, amma wani farin gari ya hau kansu, kamar an barbaɗa musu alli.

"Ga shi kuma sun kamu da cuta," in ji shi.

Na zura hannu na shafa ganye ɗaya. Garin yana da kaushi kamar yashi, ya fita a yatsana, ganyen da ke ƙarƙashi kuwa kore ne, mai tauri. Na kira Inna ta kawo kwalbarta. Na kankare garin a murfi, na ɗiga. Ya tafasa.

Dariya ta kuɓuce mini. "Ba cuta ba ce, Likita. Cin abinci take. Tana ciro abin da take so daga ruwan, tana barin farar ƙasar a kan ganye. Wannan ragowar kwanonta ne."

Ya matso ya shafa da yatsansa, ya murza. "Kamar dattin da nake kankarewa a haƙoran mutane."

"Kusan haka. Sai dai ita alamar lafiya ce."

"Cin abinci daban, zama daban, Malama. Na ce abin da ya tsaya da ƙafarsa."

"Ara mini madubinka. Ɗan ƙaramin nan mai sanda."

Ya shiga ciki ya fito da shi, madubin da yake leƙa bayan haƙori da shi. Na tsoma shi a ruwa, na kai shi can baya inda itace ya tare ido, na karkata. A cikin madubin, wata farar jijiya ta fito daga gindin uwar ta bi saman tsakuwa, a ƙarshenta ga ɗan tsiro mai ganye biyu ya kafa tasa saiwar. Daga jikinsa wata jijiyar ta riga ta wuce gaba.

Likita ya karɓi madubin. Ya sunkuya har gilashin idonsa yana taɓa tankin, yana juya hannu yadda ya saba, yana bin bayan itacen a hankali.

"Ga wani," in ji shi. "Ga wani kuma. Kai, wannan har uku a jere. Yaushe suka yi wannan?"

Mara lafiyar farko ta shigo riƙe da kumatu, ta tsaya tana kallon likitanta durƙushe a gaban kifi, hannun rigarsa a jiƙe. Inna ta ce mata ta zauna, Likita yana duba wasu yara ne.

Da ya miƙe sai ya miƙo mini baƙar ledar, har yanzu da ƙullinta.

"Ki mayar wa maigidanki. Ki ce masa kuma ina son ƙaramin tanki a ɗakin ciki, inda mai kwance a kujera zai riƙa gani."

"Da wane ruwa?" na tambaya.

"Akwai wani ne?"

Na ce babu, amma duk da haka sai na gwada shi tukuna. Na sa ledar a jaka, na ɗauki bokiti. Inna ta riga ta ɗauko manjagara, tana jira na a bakin ƙofar baya.